Rabin Askin Ado Wanzami

A unguwar Sheshe, in ka ce Ado Wanzami sai an tsaya tunani. Ka ce Sarkin Buta, nan take za a nuna maka zaurensa. Sarautar ta samo asali ne wata Juma'a da hantsi, yana tsakiyar yi wa taubashinsa Hashim aski. Ya kwashe gefen dama tas, ya ɗora aska a hagu, sai ya yi tsam, ya suri buta ya faɗa cikin gida. Har aka yi kiran farko bai fito ba. Haka Hashim ya tafi masallaci da rabin kai, yana danne hula da hannu. Kafin la'asar ya naɗa shi sarautar, unguwa kuwa ta yi mubaya'a.

Ado gadon aska ya yi. Shekara talatin yana aski da ƙaho da cire beli, kuma rabin mazan unguwar ta hannunsa suka bi ranar kaciya, shi ya sa ba mai ɗaga masa murya sosai. Sai Hashim, mai sayar da huluna a Kurmi. Shi ɗan namiji, Ado ɗan mace, tun suna yara ba su taɓa gama gaisuwa ba tare da tsiya ba.

Akwai ranar da Hashim ba ya son tunawa. Suna dawowa daga jana'iza, daidai Ƙofar Nassarawa, Ado ya rage tafiya har mutane suka wuce, ya ce ƙasa-ƙasa, "Hashim, abin nan fa da jini yake zuwa. Sau takwas, sau goma a wuni."

Hashim ya kwashe da dariya. "Basir ne, ranka ya daɗe! Wane Bakano ne ba shi da basir? Kai da kake tsaga mutane, ɗigon jini ya firgita ka? Lallai wanzami ba ya son jarfa."

Washegari har ya kawo masa jarkar tsimi daga wajen masu tallan magani da lasifika. Ado ya yi dariya, ya sha, bai sake tayar da zancen ba. Haka aka yi shekara uku.

Kaltume, matar Ado, ita ta gaji da ganin mazagin wandon mijinta yana ƙara tsawo. Ta aika aka kira Hashim, ta ce daga bayan labule, "Malam Hashim, in wasan ya ishe ku, ka sa ɗan'uwanka a adaidaita."

A asibiti aka ɗebi jini, aka leƙa hanjin da na'ura mai kyamara. Likitar ta ce ba basir ba ne, kumburin hanji ne, irin wanda jiki ke yaƙar kansa. Ba ya barin mutum kwata-kwata, amma magani na kwantar da shi. Da an zo da wuri, da wataƙila ƙwayoyi sun wadatar. Yanzu wani yanki ya lalace, sai an yanke.

Ta dubi Ado ta ce, "Baba, duk tsawon shekarun nan ba wanda ka faɗa wa?"

Hashim yana tsaye riƙe da takalman Ado. Ado bai ko waiwaye shi ba. Ya ce, "Babu, 'yata."

Da mari Hashim ya sha da ya fi masa sauƙi.

Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Ado ya dawo zaurensa da ƙwayoyi cikin zabira da katin ganin likita, ya yi ban kwana da yaji. Hashim kuwa ya zama wani mutum daban. Kullum sai ya zo da ayaba, ya durƙusa ya ce, "Malam Ado, ya ƙarfin jiki?" Wanda duk ya ce Sarkin Buta sai ya harare shi. Aski ma wajen masu inji ya koma. Wata biyu ana haka, har Ado ya ce wa Kaltume shi wannan ladabin ya fi tiyatar ciwo.

Wata Juma'a Ado ya shimfiɗa tabarma, ya wasa aska, ya kira taubashinsa ya nuna masa wurin zama. Hashim ya cire hula. Ya so ya ce a yafe masa, maganar ta ƙi fita. Abin da bakin ya saba shi ya fito.

"Sarkin Buta, yau za a ƙarasa, ko in riƙe hular kusa?"

Ado ya jiƙa masa kai, ya kama haɓarsa ya ɗaga sama.

"Za a ƙarasa. Ni kuskurena ɗaya ne, a kan hanya na faɗa maka. Da sai da na ɗora maka aska a maƙogwaro haka, da ka saurara. Kar ka motsa."