Ƙaiƙayin Ranar Lahadi

Ranar Lahadi ƙaiƙayin yake tasowa, ranar da maigidana ba ya zuwa aiki. Shi ya sa kowa ya ce daga gidana abin yake.

Lokacin muna haya a Panshekara, shi kuma yana kamfanin jima a Challawa. Jima gadonsa ce, da bagaruwa iyayensa suka yi ta. Mutum ne da in ya murza fata da yatsa biyu zai gaya maka akuyar ta ƙoshi ko ta sha wuya kafin a yanka ta. A kamfani kuwa ba bagaruwa, wani shuɗin ruwa ne da suke kira kurom. Ya yi shekaru yana tsoma hannu a ciki lafiya ƙalau, sai wata damina hannuwan suka fara ja, suna ƙuraje, suna tsagewa.

Surukata ta zo daga ƙauye, ta dubi hannun ɗanta, ta dube ni. "A wurin aiki ba ya sosawa," in ji ta. "Sai ya kwana ya wuni a nan."

Na sauya sabulu. Na daina sa daddawa a miya, na daina sayen kifi, na farke katifa na shanya audugar, har kajina na kai gidan maƙwabta. Ban iya zama wuri ɗaya ba. Ina tuƙa tuwo, kunnena yana wajen ƙarar farcensa. Haushi nake ji, tsoro ya fi haushin yawa, don na ga ranar da ya kasa riƙe buta da kansa, kuma aikin nan shi ne mu.

Da fata ta fara ruwa, na matsa masa muka je asibiti. Likitan ya manna masa 'yan filastoci a gadon baya, kowanne da ɗigon wani abu: sabulu, roba, rini, shuɗin ruwan nan. Ya ce kada ruwa ya taɓa, mu dawo jibi.

Na ce, "Likita, jibi kuma? Ba yanzu za a gani ba?"

Ya yi dariya ya ce jiki ba ya amsawa nan take. Akwai wasu ƙwayoyi a jini, su likitoci T suke ce musu, masu gadi ne. Sai wata ƙwayar ta ɗauko ɓurɓushin abu daga fata ta nuna wa mai gadin, kuma nuni kaɗai ba ya tayar da shi, sai an ƙara masa da alama ta biyu. Daga nan saƙo ya bi cikinsa hannu zuwa hannu har ya kai tsakiya, mai gadin ya fara hayayyafa, ya kira 'yan'uwansa. Kafin su taru su iso fata, rana ta faɗi ta fito har sau biyu.

Sai na tuna. Juma'a ce ranar da ake tura shi sashen shuɗin ruwa. Daga Juma'a zuwa Lahadi kuwa kwana biyu ne.

Kwanakin nan ban san yadda suka wuce ba. Na share tsakar gida har ƙasa ta gaji da ni. Rabin zuciyata tana roƙon ya zama sabuluna ne, don sabulu ana jefar da shi.

Da aka ɓanɓare filastocin, bayansa sumul, sai wuri ɗaya, na shuɗin ruwan, da ya yi ja ya kumbura.

"In na huta wata ɗaya fa?" maigidana ya tambaya. "Jikin ba zai manta ba?"

"Malam, masu gadin nan ba sa mantuwa," in ji likita. "Ko takalmin fatar da aka jeme da kurom kada ka sa."

Muka hau bas muka dawo. A ƙofar gida ya kwance agogonsa mai maɗaurin fata ya miƙo mini.

Ya sami aiki a masaƙa a Sharada, hannuwansa suka warke tas. Surukata ta ce maganin da ta aiko ne, ban musa mata ba. Amma ya zama mutum mai takalmin roba, har ranar Idi.

Bayan shekaru muka bi ta layin masu fata a kasuwa, za mu saya wa 'yarmu jaka. Na ga ya tsaya gaban wata jar fata, ya mayar da hannuwansa baya ya harɗe su. Ya daɗe yana kallo.

"Ke," ya ce a hankali, "murza mini ita. Ki gaya mini yadda take."