Danginmu na hawa na huɗu

Wata Juma'a cikin sanyi, shekarar da na cika tara, malamarmu a lakwal, wato makarantar boko, ta Villeurbanne da ke gefen Lyon, ta kafa hoton Lyon ta ɗaruruwan shekarun baya a jikin allo. Ta nuna mana layin mahauta, da na masaƙa, da na majema can bakin kogi saboda wari. Kowace sana'a da shugabanta, yaro kuma sai ya shekara da shekaru yana hura wuta kafin a bari ya taɓa guduma. Ta ce sunayen Faransawa da yawa daga nan suka samo asali. Lucie Favre da ke zaune kusa da ni a aji, wadda kuma muke bene ɗaya da su, ashe sunanta "maƙeri" yake nufi.

Da yamma ina wanke kwanoni na ba Baba labari. Baba ɗan maƙeran Damagaram ne, a gareji yake aiki, kuma babu abin da ke cin ransa kamar rashin dangi a garin. Kowace layya sai ya ware kason 'yan'uwa, ya rasa wanda zai kai wa. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ashe muna da 'yan'uwa a hawa na huɗu, muna ta wuce su a matakala?"

Ranar Sallah ya sa babbar riga, ya ɗora mini kwanon soyayyen nama, muka hau. Na tabbata za a rufe mana ƙofa. Mushe Favre, baban Lucie, mai raba wasiƙu, wanda ko ƙusa bai iya bugawa ba, ya tsaya da silifa yana sauraron gaisuwar da ta ƙi ƙarewa, ina fassarawa. Da na kai wurin zumuntar, ya yi dariya har da hawaye, ya matsa gefe ya ce mu shigo.

Tun daga nan Baba ke gyara masa keke yana yi masa tsiya: "Maƙerin da ke tsoron wuta!" Ranar ɗaurin aurena, a sahun iyaye Mushe Favre ya zauna, da hular aro.

Yanzu ina Sevran, nesa da Lyon, ban ma san sunan maƙwabcina ba, Baba kuma ya riga mu gidan gaskiya. Ina kewarsa ƙwarai. Amma duk layya nakan shiga jirgin ƙasan Lyon da kwanon su Mushe Favre a cinya, domin kason dangi ba ya kwana a gidan maƙera.