Ranar da Baba Ya Kai Daro Aljirif

Har yau in na ji ƙarar ruwa yana zuba a daron ƙarfe, sai kunnuwana su ɗau zafi.

A birnin Umdurman na tashi. Aiki ne ya kawo Baba daga Najeriya, ya zama dattijo a ƙaramar majami'armu. Mutum ne mai son tsafta har abin ya yi yawa. Yana da wata darduma ja a falo wadda mu yara ba mu isa mu taka ba, ko kaza ta san iyakarta.

Akwai wani tsoho mai yin bulo a unguwar Aljirif da muke sujada tare. Wata rana ya zo gaishe mu daga wurin aiki, ƙafafunsa duk laka da faso. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, Baba ya ce, "Tsaya daga nan." Tsohon ya dubi ƙafarsa, ya yi gaisuwa a tsaye, ya juya. Daga ranar ba a ƙara ganinsa a majami'a ba.

Kakata ba ta iya ɓoye magana. Ta ce wa Baba, "Kai da wace ƙasa aka yi ka? Ta kanti?" Daga nan addu'ar safe da yakan ja mana ta koma gajera, har ya fara cewa Mama ta yi.

Ranar Alhamis kafin Ista akan wanke wa juna ƙafa a majami'a, yadda Almasihu ya yi wa almajiransa. Da sassafe Baba ya ɗauki daro da tawul, ya miƙo mini buta. Muka nufi Aljirif, muka canja mota a kasuwar Suk al-Arabi, mutane na kallon mai kwat da daro a hammata. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mun tarar da tsohon yana cuɗa laka a bakin kogi, hayaƙin gasa bulo ya cika ko'ina. Baba ya durƙusa a cikin taɓo da wandonsa mai kari. Wani ma'aikaci ya ce da Hausa, "Ya zol, kai mutumina, wannan lafiyarsa ƙalau kuwa?" Aka kwashe da dariya, na rufe fuska da mayafi.

Tsohon ya janye ƙafa. Ya ce, "Ma'alesh, ustaz, ba komai, ya wuce."

Baba ya ce, "A wurinka ya wuce. Ni tun ranar na kasa ɗaga kai gaban Allah."

Sun daɗe a haka kafin tsohon ya sa ƙafa a daro. Na zuba ruwa. Ruwan ya yi baƙi nan take, Baba yana bin faso ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Dariyar ta mutu. Ranar Ista tsohon ya zo majami'a, ya zauna a bencinsa na baya. Ni kuwa na yi mako ina fushi da Baba don ya kunyata ni.

Baba ya rasu kafin yaƙi ya ɓarke a ƙasar. Da muka gudu, jar dardumar na cikin abin da muka bari. Bayan doguwar tafiya na isa ƙofar wata 'yar'uwa a Kano, na hango falonta fes, na dubi ƙafafuna, sai na ja na tsaya da kaina. Ta ce, "Tsayuwar me kike yi?" Ta jawo ni ciki, ta ɗauko daro ta durƙusa. Da ruwan ya fara zuba, na kama kuka ina kiran Baba.