Matar da Ke Zama a Kan Ƙanƙara

Renaldo mai sayar da kofi a tashar bas yana riƙe da waya, yana shirin kiran 'yan sanda. Wani dattijo ne tsaye a bakin titi, ba takalmi cikin ƙanƙara, yana ta zagin waɗansu mutane da shi kaɗai yake gani.

Sai ga farar motar masu kai ɗauki ga wanda hankalinsa ya gushe. Wata gajeriyar mata ce ta fito, furfura a goshi, ba kulki ba ankwa, tafin hannuwanta a buɗe. Ba ta matsa masa ba. Ta zauna dirshan a kan ƙanƙarar, tana kallonsa daga ƙasa.

"Baba, sunana Marisela. Waɗannan mutanen, me suke ce maka?"

Dattijon ya tsaya cak. "Ke ma kina jin su?"

"A'a. Amma na ga sun hana ka sakat. Ga safa, sa tukuna."

Renaldo yana tunanin a kan wa ta fara koyon irin wannan zama da marar lafiya. Mahaifinta? Ɗanta?

Dattijon ya durƙusa, yana kuka. Renaldo ya mayar da wayar aljihu, ya zuba kofi biyu.