Tauraron da Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Duk wanda ya san ni a Batha, unguwar baƙi a Riyad, ya san ba a raba ni da surutu. Tanimu, Bazazzagin da muke kwana ɗaki ɗaya, rantsuwa yake yi wai ko cikin barci labari nake bayarwa, har in ɗan dakata in jira a yi dariya. Motar ma'aikata nake ja, in kwashe su da asuba in kai su wurin gini a Dir'iyya, in dawo da su da yamma, kuma 'yan Bangaladash ɗin da ko "zo" ba su ji da Hausa sai sun riƙe ciki kafin mu isa. Amma akwai wata magariba, cikin sanyin bara, da bakina ya mutu murus.

Da ranar nan ƙanwata Rakiya ta kira ni daga gida. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yaya, Inna fa ta fara rikicewa. Jiya ta dube ni ta ce 'yar gidan wa ce ni. Ka zo tun tana gane mutane."

Na ce, "Ina nan tafe, Rakiya. Bari in ƙarasa haɗa tsaraba."

Ta ce, "Haka ka ce bara." Ta kashe wayar.

Ba ƙarya na yi mata ba. Akwai wani akwati ƙarƙashin gadona wanda in aka buɗe shi a kasuwar garinmu sai 'yan tireda sun rufe shaguna. Darduma, casbaha, jallabiya, turare, kwalli, dabinon da sai ya bushe in cinye in sake sayen wani. Wanda ya fito daga Saudiyya ba ya shiga gari hannu na dukan cinya, kowa yana da rabo, har jaririn da ke baya. Danginmu kuwa haihuwa suke kamar ana biyan su. Duk sanda na ce na gama, sai a aiko min an yi suna.

Mun idar da sallar magariba ke nan Tanimu ya faɗo ɗaki yana ɗaga waya.

"Bakano, taso mu hau sama. An ce yau Mushtari zai tsaya dab da wata. Zo ka kalli abin da ba na sayarwa ba, ko sau ɗaya a rayuwarka."

"Wane ne kuma Mushtari? Yana da iƙama, takardar zama?"

"Duniya ce guda, jahili, ta haɗiye tamu ba ta sha ruwa ba."

"To Allah ya sa can babu kafili mai riƙe wa mutum fasfo."

Muka hau saman benen, muka ratsa tsakanin tankunan ruwa da shanyar mutane. Riyad gari ne da fitilunsa suka cinye taurari ƙurmus, ka shekara ba ka tuna akwai su ba. Amma ga wata can ya taso ta gabas, ya cika ya batse kamar sabon faifai, kuma a gefensa, tazarar da ba ta fi tafin hannu ba, ga wani tauraro fari fat, tsaye ƙyam, ko ƙyafta ido ba ya yi. Ina ganinsa na gane shi. Na san shi tun ba ni da wandon kirki.

A ɗakin kakata Iya Marka aka yaye ni, kuma ban koma ɗakin Inna ba, duk da gida ɗaya ne, danga ce kawai tsakani. Iya Marka 'yar ƙaramar tsohuwa ce, iska mai ƙarfi za ta iya kai ta unguwa, amma in ta ɗaga murya har awaki nutsuwa suke yi. Bayan an sauke tuwon dare ba ta bari murhunta ya mutu. Sai ta tura karan dawa ciki, ta binne mana gyaɗa a toka, ta jawo tasar audugarta da mazari. Mu kuwa jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta, gaba ya gasu baya yana sanyi.

"Kai maigida, miji ba cefane, matso ka hura min wutar nan. Ko ita ma sai an yi maka bashi?"

"Iya, ni fa na sake ki tun jiya."

"Ka saki wa? Wa zai kwashe ka da wannan kan naka kamar tulu?"

Tana da tatsuniyoyi cike da rumbu, amma akwai guda ɗaya da ko kuka za ka yi ba ta ba da ita sai ranar da tauraron nan ya zo kusa da cikakken wata. Mutanen garinmu duk tauraro mai haske da suka gani gefen wata Zara suke ce masa. Iya Marka ba ta yarda ba. Ta ce Zara da jinjirin wata take yawo, wannan kuwa ɗan tsohuwa ne. In ta ɗaga kai ta gan shi sai ta ce, "To, ga ta nan ta zo da ƙafarta. Wanda ya yi gyangyaɗi ta tsallake shi."

Ta ce watan nan da muke gani ɗaki ne, kuma duhun da ke tsakiyarsa wata tsohuwa ce zaune a bakin ƙofa. Taurarin nan kaf 'ya'yanta ne da jikokinta. Wata shekara aka yi yunwar haske a sama, sai babban ɗanta ya ɗauki sanda ya tafi cin rani gidan Rana. Rana uwar ɗaki ce mai zafin rai. Ta ba shi aikin gadi, ta ba shi farar riga da ta fi ta kowa walƙiya, amma ta ce ranar da ya runtsa, ranar zai bar mata gida. Shi ya sa duk taurari suke ƙyafta ido, shi kaɗai ba ya yi.

Ya daɗe can. Sai wata rana ya ba iska saƙo ta gaya wa tsohuwa yana tafe. Tsohuwa ta jiƙa farar ƙasa ta fara shafe ɗakinta. Ƙarfinta ya ƙare, don haka kowane dare ɗan gefe kaɗan take iya shafewa, yau nan, gobe can, har ranar da ɗakin ya zama fari tas. A daren ne ya iso. Ya zo har inda yana jin tarinta. Sai ya waiwaya ya ga dangi sun cika sama fal, kowa ya zuba masa ido. Ya leƙa jakarsa, ya ga tsarabar ba za ta zagaya ba. Ya ce a ransa, in na shiga haka za a ce wane ya je ya dawo a banza, ko dai in koma in ƙaro? Ya tsaya nan yana shawara. Bai shiga ba, bai koma ba.

A nan Iya Marka take ajiye mazari ta ce, "To ku taya ni kiransa, ko zai ji naku."

Sai mu miƙe mu ɗaga kai sama mu dage iya ƙarfinmu: "Shiga mana! Shiga!" Ni na fi kowa. Wallahi akwai daren da na yi ihun da kajin unguwa suka ɗauka gari ya waye. Mu yi ta yi har maƙogwaro ya dushe, tauraro ko gezau.

Ta ce, "Ku lura da inda yake, saitin kan tsamiyar can. Gobe war haka a zo a ba ni labari. Ta ƙare, kowa ya karkaɗe tokar gindinsa."

Washegari kuwa mu taru mu duba. Tauraro yana nan kan tsamiya inda muka bar shi. Wata ne ya sulale ya yi ƙasa, ya ba shi rata mai yawa, kuma gefensa ya fara dusashewa. Na tuna na ce mata, "Iya, ai bai tafi ba."

Ta ce, "Ni na ce maka ya tafi? Ɗakin ne ya matsa. Ɗakin tsofaffi tafiya yake yi, maigida, a hankali, ba ya sallama. Ka ga farar ƙasar ma ta fara zuba."

"To yaushe zai shiga?"

Ta ɗauki mazarinta. "Ni dai ban taɓa gani ba. Tono gyaɗarka kada ta ƙone."

A lokacin haushin tauraron kawai nake ji. Na ɗauka wawa ne. Na sha cewa in ni ne, da gudu zan faɗa ɗakin ko sallama babu.

"Bakano, lafiya? Ko an zare maka batir?" Muryar Tanimu ce ta dawo da ni saman bene. Na ba shi labarin, da na wayar Rakiya. Ban sa masa gishiri ko ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife ni. Tanimu ya mayar da wayarsa aljihu. Sannan ya ce, "Gobe ka je wurin mudir, manajan nan naku, ka nemi hutu. In ba ka je ba, ni zan jefo akwatin nan daga nan."

Na je. Mudir ya dafa kafaɗata ya ce, "Bukra, in sha Allah." Wanda ya zauna ƙasar nan ya san wannan goben, ita ce goben da ba ta da asuba. Aiki ya yi zafi, babu direban da zai riƙe motata, kuma ba a fita sai da izini. Na yi ta sintiri har maigadin ofishin ya fara tambayata lafiyar iyali. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, irin zafin da kwalta take kama takalmi. Ni da na yi shekaru ina cewa sai na shirya, yanzu na shirya an ce in jira. Daga ƙarshe Tanimu ne ya samo wani Basudane da zai ja motar, aka sa min hannu. A filin jirgi aka ɗora akwatin kan ma'auni, ma'aunin ya kusa neman gafara. Dole na zazzage rabi na bar wa Tanimu a ledoji.

Na iske Inna zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta ƙanƙance, kamar an wanke ta ta shige. Na cire takalmi na durƙusa.

"Inna, na dawo. Na same ku lafiya?"

Ta jawo mayafi ta rufe kanta. "Maraba da Alhaji. Ke yarinya, kawo wa baƙo ruwa." Rakiya ta juya mana baya, ta tafi ɗebo ruwan.

"Daga ina Alhaji?"

"Daga Saudiyya, Inna."

Sai fuskarta ta washe. "Allah sarki! Ai ɗana yana can. Auwalu. Ka san shi? Wani dogo, mai surutun tsiya."

Ni ɗan fari ne. Tun da na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai" nake, ko "wancan", in ta matsu ta ce "yayan su Rakiya". Ko kallon tsakiyar ido ba ta taɓa yi min a gaban mutane ba. Ga ni da furfura a gemu, sai yau ta faɗe shi, ta kuma maimaita, tana jan shi a baki kamar mai tsotsar alewa.

"Auwalu nawa. Yana ƙarami, in suna tatsuniya wurin kakarsa, sai in laɓe bayan danga in yi kamar ina kwashe shanya. Muryarsa ta fi ta kowa. Kada ka faɗa wa mutane, Alhaji, abin kunya ne."

Na ce ba zan faɗa ba. Na karɓi ruwan da aka kawo min na sha.

Tsarabar kuwa kafin la'asar ta watse, har da masu ƙorafin turarensu ƙarami ne. Inna ko kallon akwatin ba ta yi ba. Haka na cinye hutuna ina Alhaji baƙo. Kullum da safe in zo in gaishe ta, ta yi min maraba sabuwa fil, in zauna in yi ta zuba mata ƙarairayin Riyad: raƙumin da ya fi ni albashi, zafin da ke dafa ƙwai a aljihu. Ta yi ta dariya har da hawaye, ta ce lallai zama da ɗanta ya lalata ni.

Yanzu da na dawo bakin aiki, nakan yi tunanin abin nan in ina jiran ma'aikata su fito. Muna yara mun ɗauka rowa ce ko wauta ta hana tauraron shiga. Ashe tsoron bakin dangi ne, kuma ya ɗauka ita tsohuwar ba inda za ta. Duk ɗakunan Batha cike suke da irinmu, kowa da akwatinsa ƙarƙashin gado, kowa yana cewa saura kaɗan. Na daina yi musu dariya. In na ga sabon zuwa yana cinikin darduma nakan so in yi masa magana, amma wa zai ɗauki wa'azi daga bakin mai barkwanci?

Ranar da zan taho na je yi mata sallama. Ta kama hannun rigata, ta rage murya.

"Alhaji, zan ba ka saƙo. In ka ga Auwalu, kada ka ce masa na tsufa, hankalinsa zai tashi. Ka ce ina nan garau, ya yi aikinsa."

Na ce, "To, Inna, zan faɗa masa."

Har yau ban isar ba. Na san mutumin, ba zai yarda ba.