Tsohon da Injinsa Ba Ya Ƙara

Duk ranar da Aina'u ta zo sarin kifi bakin dam, tana tarar da tsohon zaune gefen kwalekwalensa. Dogo ne siriri, ƙafafunsa sun yi fari kamar a ruwa suke kwana. Yana goge farantin sola da hannun rigarsa, yana jiran batirin injinsa ya cika. Ba ya ɗaukar taru. Da hantsi yake sulalewa tsakiyar ruwa shiru, ya tsaya, ya sunkuya yana gaisuwa.

Yau ta daure ta ce, "Baba, injin fetur bai fi sauri ba?"

Bai ɗago ba. "Ƙararsa tana tashin mutanen gidanmu, 'yata."

Aina'u ta dubi ruwan. Ta taɓa jin cewa akwai ƙauye a ƙarƙashinsa, har da maƙabarta.