Dakta Alisabatu Kambai da Katangar Shango

Ranar Alhamis, 11 ga Satumba, 2025, da hantsi, Allah Ya yi wa Dakta Alisabatu Kambai rasuwa a gidanta da ke Chanchaga, a nan Minna, bayan doguwar jinya. Ina cikin aji ina koya wa yara lissafi 'yarta Hadassah ta kira ni ta gaya mini. Na ajiye alli, na fita.

Mama, ni ce Mariyamu, ɗalibarki ta dā. An roƙe ni in rubuta 'yan kalmomi masu taushi da za a sa a takardar jana'izarki, na ce ba zan iya ba. Kalmomi masu taushi kin same su har sun yi yawa. Na ji su da kunnena a zaman makoki, daga bakin mutanen da suka kore ki daga unguwarki. Ni abin da na gani zan rubuta, kuma duk wanda ransa ya ɓaci, ya sani da gangan na yi.

A jami'a na fara saninki, kina koya mana manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja. Ba ki da sauƙi ko kaɗan. Jan bironki ya sa ɗalibai da yawa kuka, har da ni. A wannan ilimin akwai tsohuwar ƙa'ida da ke cewa idan mutum ya yarda da magana kuma ya yarda da akasinta, to tunaninsa duka ya rushe, domin daga nan kowace irin magana za ta iya fitowa a matsayin gaskiya. Ke kuwa kin ƙarar da rayuwarki wajen binciken yadda mutum zai ci gaba da tunani mai kyau ko da bayanan da ke hannunsa suna karo da juna.

Ban manta misalin da kika ba mu ba. Kin ce mu ɗauka mutum biyu sun dawo daga tashar jirgin ƙasa. Ɗaya ya ce jirgi ya iso da safe, ɗaya ya ce da yamma, amma dukansu sun ce daga Kaduna ya fito, kuma ɗauke yake da kaya. Kika ce wawa ne kaɗai zai ce tunda sun saɓa, watakila ma babu jirgin. A killace maganar lokaci, a janye duk hukuncin da ya jingina a kanta, a riƙe sauran har sai wani bayani ya zo ya karya shi. Idan ya zo kuma, a janye ba tare da jin kunya ba. Mun rubuta wannan don mu ci jarrabawa. Ba mu san ke da shi kike rayuwa ba.

A shekarata ta ƙarshe mahaifina ya rasu. Na haɗa kayana zan koma Kafanchan, na haƙura da karatu. Kika zo ɗakin kwananmu, ba ki yi mini wa'azi ba, kika ɗauki jakata da hannunki kika sa a mota. A gidanki na Shango na zauna har na gama. Kina tashina shara kamar yadda kike tashin Hadassah, kina dafa mana gwaten acha, kina yi mini faɗa idan na zauna shiru da yawa. Ba ki taɓa gaya wa kowa abin da kika yi mini ba. Da na yi aure na kama gida a layinku, don in kasance kusa da ke. Shi ya sa abin da ya faru a daminar 2021 a kan idona ya faru.

A bayan gidan da kike haya akwai wata makarantar kuɗi ta Mista Kingsley, dattijo a cocinmu. Filin da makarantar take kai na Alhaji Ayuba ne, shugaban ƙungiyar unguwa. Mista Kingsley ya sa aka ƙara wa katangar makarantar tsawo, aka ɗora sabon bulo a kan tsohon tushe. A gindin wannan katanga shagon Malam Siddiƙu tela yake, jikan mutanen da aikin reluwe ya kawo Minna, wanda ya yi shekaru yana ɗinka mana ankon zumuntar matan coci. Wata rana da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi, katangar ta rufto kan shagon. A kan keken ɗinkinsa aka ciro shi. Ya bar matarsa Talatu da ƙananan yara.

Ƙungiyar unguwa ta kafa kwamitin bincike. An sa ki ciki don ana son a ga sunan Dakta a takarda, ni kuma ina wakiltar mata. A rumfar ƙofar gidan Alhaji Ayuba aka zauna, shi ne kuma shugaban zaman, kuma babu wanda ya ga laifin hakan sai ke.

Aka saurari shaidu. Isaiah, maginin da ya yi aikin, ya ce ya gargaɗi Mista Kingsley cewa tushen ba zai ɗauki ƙarin bulo ba, kuma ranar Lahadi ya gaya masa. Mai gadin makarantar ya ce lallai ya ji wannan gargaɗi da kunnensa, amma ranar Litinin ce. Talatu ta ce mijinta ya sha kai ƙarar tsagar da ke jikin katangar, wani maƙwabci ya ce shi dai sau ɗaya ya sani. Wata ta ce ruwa ya ɗauke kafin katangar ta faɗi, wani ya ce ana cikin ruwan.

Na ga yadda fuskar Alhaji Ayuba ta saki da ya ji haka. Ya gyara zama ya ce tunda shaidu sun ƙaryata juna, ba za a iya yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba, don haka a ɗauka ƙaddara ce, a yi addu'a a rufe magana. Mista Kingsley ya sunkuyar da kai kamar mai jimami. Mutane suka fara neman takalmansu.

Sai kika ce a dakata. Ba ki ɗaga murya ba.

"Alhaji, a ina suka saɓa? A kan rana. To mu ajiye rana gefe, kada mu yanke komai da ya dogara da ita. Amma dukansu biyu sun ce an gargaɗe shi kafin a ɗora bulon. Talatu da maƙwabcinta sun saɓa a kan yawan ƙarar, amma dukansu sun ce an kai ƙara. Wannan babu wanda ya karya shi a nan."

Mista Kingsley ya miƙe ya ce wanda ya yi ƙarya a kan rana zai iya yin ƙarya a kan komai. Kika amsa masa cewa zai iya, amma sai a nuna. Kika ce ya kawo bayani guda da ya ci karo da maganar gargaɗin, ke kuma a gaban kowa za ki janye ta. Bai kawo ba a ranar, bai kawo ba har yau.

Akwai abin da masu zaginki suke ɓoyewa, zan faɗe shi. Dangin Talatu sun so a rubuta cewa Mista Kingsley ya ba da umarnin a rage siminti. Kika ƙi. Kin ce a kan wannan batu Isaiah ya faɗi magana biyu masu karo da juna, da farko ya ce an umarce shi, daga baya ya ce shi ya rage da kansa don simintin bai isa ba, saboda haka ba za a gina hukunci a kai ba. Ƙanen Talatu ya fita daga zaman yana zaginki. Mutumin da ake cewa kin tsana, ke kika cire masa zargi mafi muni, kuma bai taɓa gode miki ba.

Aka ce duk wanda ya yarda ƙaddara ce ya ɗaga hannu. Kwamiti ya rufe magana a kan ƙaddara. Hannunki da nawa ne kawai ba su tashi ba.

Daga nan suka juyo kanki. A coci aka fara raɗa cewa kin sayar da ɗan'uwanki mai bi saboda Musulmi. A majalisar ƙofar gidan Alhaji Ayuba kuwa ana cewa kin zo da ƙiyayyar Musulmi, kina so ki zubar da mutuncin Alhaji. Mista Kingsley da Alhaji Ayuba, waɗanda da safe suke shan shayi tare, su ne suka raba aikin, kowa ya ɗauki ɓangarensa. Suka ɗauki iliminki, wanda ko layi ɗaya ba su taɓa karantawa ba, suka ce ai ke ce malamar da ke koya wa yara cewa ƙarya da gaskiya duk ɗaya ne. Matan da kika jagoranta a zumunta shekara da shekaru suka sauke ki ba tare da ko ɗaya ta dubi idonki ba. Mai gidan da kike haya, abokin Alhaji, ya ce yana bukatar gidansa. Kika kwashe littattafanki kika koma Chanchaga. Ranar da ake loda kayan, 'yan layinmu suna leƙe ta taga. Talatu ce ta fito ta kama miki ɗaurin tukwane.

Na yi fushi a lokacin, na ce miki mu bar cocin. Kika ce ba don su kike zuwa ba. Kowace Lahadi kina shigowa, ki zauna a benci na baya, ki rera waƙa da muryarki mara daɗi, ki gaisa da duk wanda ya yarda ya gaishe ki. Kika nemo wa Talatu lauya, magana ta je kotu. Duk ranar zama kina can, kin riga kowa zuwa, ko da an san ɗaga shari'ar za a yi. Kuma an yi ta ɗagawa.

A farkon daminar bana kika faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinki ya shanye, magana ta ɗauke. Daga ranar ba ki ƙara furta kalma ba. Ban ce su suka kashe ki ba, Mama. Da na faɗi haka, da kin tambaye ni hujja, kuma ba ni da ita. Abin da nake da hujjarsa shi ne, duk tsawon jinyarki babu ɗayansu da ya tako gidanki. Talatu ce ke hawo keke napep daga Shango, ta wanke ki, ta shafa miki mai, ta zauna tana ba ki labarin yaranta, kina kallonta.

Amma da kika mutu sai ga su. Mista Kingsley ya karɓi makirufo a coci, ya kira ki uwar zaman lafiya, ya share hawaye da farin hankici. Na zauna ina kallonsa, ina jin kunyar rufin da muke ƙarƙashinsa. Alhaji Ayuba ya zo gida da tawaga, ya yi doguwar gaisuwa, ya ce Shango ta yi rashin uwa. Da ya tsaya nan, da na yi shiru, da na rubuta kalmomi masu taushin da aka nema.

Bai tsaya ba. Da zai fita ya sa aka kira masa Talatu gefe, kusa da inda nake wanke kofuna. Ya ce mata, don darajar marigayiya, ta janye ƙarar da ke kotu. Ya ce kwanan nan kin aika masa da saƙon baki cewa kin yi nadamar tayar da maganar, kuma burinki na ƙarshe shi ne a sasanta. Talatu ta durƙusa ta saurare shi har ya gama, kamar yadda ake yi wa babba. Sannan ta ce:

"Alhaji, Mama ta daina magana tun kafin Babbar Sallah. Ni nake wanke ta. Da wane bakin ta aika maka?"

Ya gyara babbar rigarsa ya shiga mota.

Alhaji Ayuba, Mista Kingsley, da ku nake. Kun kore ta tana da rai, kun ɓata sunanta a ɗakin ibada da bakin titi, yanzu kuma kuna so ku ari bakinta tun ba a rufe ta ba. Ba za ku samu ba. Ku riƙe hawayenku, iyalinta ba sa bukata. Matan zumunta kuma da suka zo da anko suna kuka a gaban akwati, ku tuna wanda ya ɗinka muku tsohon ankonku, ku tuna yadda aka ciro shi. Talatu ba ta janye ba. Ranar zama mai zuwa zan raka ta, kuma Isaiah magini ya ce zai zo ya maimaita abin da ya faɗa.

Mama, Ubangiji Ya ji ƙanki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya karɓe ki cikin salamarsa, Ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki Luke da Hadassah, da tsohuwar mahaifiyarki a Zonkwa wadda ba ta zaci ita za ta binne ki ba, da dukan dangin Kambai, da ɗalibanki da ke warwatse a ƙasar nan. Ina yi wa Talatu da yaranta ta'aziyya ta musamman, domin sun sake yin rashi. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya marayun Malam Siddiƙu, Ya sa gaskiyarsu ta fito suna da rai. Waɗancan biyun kuwa ba ni da ta'aziyyar da zan yi musu. Na bar su da Allah, wanda ba Ya bukatar shaidu.

Mariyamu Dawuda
Shango, Minna